Na'ibin Liman da Mataimakin Shugaban Ƙasa

Wata asuba cikin sanyin bara, a masallacin unguwarmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura, liman ya kai tsakiyar sura a raka'ar farko sai tari ya sarƙe shi. Ya yi ƙoƙarin ci gaba, murya ta ƙi. Sai ya miƙa hannu baya, ya kamo gefen rigar na'ibi ya jawo shi gaba, shi kuma ya ja ya shiga sahu. Na'ibi ya ɗora daga ayar da aka tsaya. Na sahun baya ba su ma san an yi canji ba sai da suka ji murya ta sake. Aka sallame, aka yi wa liman sannu, kowa ya kama gabansa.

Muna bakin ƙofa ana lalubar takalma, wani dattijo da ya yi aikin gwamnati tun Katsina tana cikin jihar Kaduna ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ka ga abin da ya gagari Abuja kusan wata uku lokacin Malam Umaru? Ga shi nan an gama shi cikin numfashi guda." Na ce, "Baba, ai liman ba shi da fargabar na'ibi zai hana shi komawa gaba da azahar." Ya yi murmushi ya ce, "To, ashe ka gane."

Tun ranar nake juya maganar. Abin da na tsaya a kai shi ne, kujerar mataimakin shugaban ƙasa ayyuka uku aka cusa mata, kuma ba sa ga maciji da juna. Ana son mai ita ya zama mai taimako, ya rage wa shugaba nauyi. Ana son ya zama magaji, wanda zai hau in ta Allah ta kasance. Sai na uku, wanda ba a rubuta a kundin tsarin mulki ba amma shi ke yanke wanda za a ɗauka: kujerar lallashi ce, ta ɓangaren da bai samu ta sama ba, don ya haƙura a ci gaba da zama tare. Mai taimako na kirki shi ne wanda ba ya hangen kujerarka. Magaji kuwa, ko bai so ba, ciwonka ci gabansa ne. Wanda aka ɗauko don lallashi kuma daga can ɗaya ɓangaren ya fito, don haka ranar da ya gada, mulki ya tsallake kogi ke nan ɗungurungum.

Sarautarmu ta gargajiya ba ta yarda da wannan haɗin ba. Waziri shi ne na hannun daman sarki, amma a al'ada ba ɗan gidan sarauta ba ne, ba ya cikin masu jiran gado, shi ya sa sarki ke iya sakin jiki da shi. In sarki zai yi tafiya sai ya bar muƙaddas ya riƙe gari, in ya dawo riƙo ya ƙare. Daga nan ne 'yan jarida suka samo kalmar muƙaddashin shugaban ƙasa. In kuwa sarki ya rasu, a Katsina masu zaɓen sarki ne ke zama, Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi, su duba cikin 'ya'yan sarauta. Mai taimako daban, mai riƙo daban, magaji kuma ba a sanin sa sai ranar. Wannan ma yana da tasa fitinar, don kowa ya san yadda neman sarauta ke raba 'yan uba, amma dai sarki ba ya kwana da magajinsa zaune a ofishin da ke maƙwabtaka da nasa.

Sabuwar jamhuriya ita ce ta fi shiga wannan tsaka mai wuya, saboda galibi daga gutsattsarin al'ummomin da ba su gama yarda da juna ba ake ɗinka ta, kuma ba ta da wani "haka aka saba yi" da za ta jingina da shi. Dubi tsibirin Saifurus, wanda Larabawa ke kira Ƙubrus. Da ya samu 'yanci daga Ingila a 1960, sai aka rubuta cewa shugaba Bagirke ne, mataimaki Baturke, kowa mutanensa ne ke zaɓensa. Turkawa ba su wuce kashi 18 cikin ɗari ba, amma aka ba mataimaki, Fazil Kucuk, ikon hawa kujerar na ƙi a kan harkokin waje da tsaro. Shekara uku abin ya yi. Shugaba Makarios ya kawo shawarar gyare-gyare 13 a ƙarshen 1963, cikinsu har da cire wannan iko, faɗa ya ɓarke a Disamba, Turkawa suka fice daga gwamnati, kuma yau kujerar wayam take. Sudan ta Kudu ta ɗaga tuta a ranar 9 ga Yulin 2011 da Salva Kiir, Badinke, a sama, da Riek Machar, ɗan ƙabilar Nuwer, a matsayin mataimaki. Kiir ya sallame shi a Yulin 2013, kafin shekarar ta fita an fara yaƙin basasa. Da aka zo sulhu, maganin da aka samo shi ne ƙara yawan kujerun: a 2020 mataimaka biyar aka rantsar. A Kenya ma Oginga Odinga, mataimakin farko bayan ƙasar ta zama jamhuriya a 1964, bai cika shekara biyu ba ya raba gari da Kenyatta.

Ganin haka wasu suka ce a huta da kujerar. Ahmadu Ahidjo ya ba John Foncha ita a 1961 don lallashin yankin Kamaru mai amfani da Ingilishi, da ƙafarsa ta yi ƙarfi ya soke ta a 1972. Hosni Mubarak na Masar, wanda ta wannan kujerar ya hau bayan kisan Sadat, ya yi kusan shekara talatin bai naɗa kowa a kanta ba sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada a Janairun 2011. Maƙwabtanmu na Nijar, da ba mu fi tafiyar awa biyu da Maraɗi ba, ba su yi mataimakin shugaban ƙasa a gwamnatocinsu na farar hula ba, firaminista suke yi.

Sai dai mu a Nijeriya mun ɗanɗana rashin kujerar, kuma ba ta yi mana daɗi ba. Jamhuriya ta farko, wadda aka kafa ranar 1 ga Oktoban 1963, ba ta da mataimakin shugaban ƙasa, ba ta kuma da mataimakin firaminista. In Shugaba Azikiwe ba ya nan, shugaban majalisar dattawa ke riƙe masa. Daren 15 ga Janairun 1966 Azikiwe yana ƙasar waje, Nwafor Orizu ke riƙo, sojoji kuma suka ɗauke Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gari ya waye juyin mulkin bai yi nasara a Legas ba, ministoci suna nan da ransu, amma babu mutum ɗaya da doka ta ce shi ne zai tsaya gaba. 'Yan NPC suka tsayar da Zanna Bukar Dipcharima ya riƙe, Orizu bai rantsar da shi ba, daga ƙarshe aka miƙa wa Janar Ironsi mulki ranar 16 ga wata. Ba na cewa mataimaki zai hana abin da ya biyo baya. Amma da akwai wanda doka ta riga ta ambata da suna, da soja sai sun ture shi ƙiri-ƙiri, ba a ce wai gwamnati ce ta miƙa da kanta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shekara goma bayan nan kujerar ta biyu ta faɗo Katsina, kuma ta hanyar lallashi ta zo. An kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976, Obasanjo ya hau. Shi Kirista ne daga Kudu, shugaban sojan ƙasa Ɗanjuma Kirista ne daga Arewa, ga jama'a cikin zafin rashin Murtala. Sai aka ɗauko Laftanar Kanar Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Matawallen Katsina, yana da shekara 32, aka tsallakar da shi kan manyansa zuwa Birgediya, ya zama na biyu a ƙasa. Wannan zaman ya yi kyau har aka miƙa mulki a 1979, kuma ina ganin dalili a fili yake: an riga an sa ranar sauka, su biyun tare za su tafi, babu gadon da za a yi wa kallon ƙasa-ƙasa. Wasu daga cikin na biyun soja ba su samu wannan sa'a ba. Idiagbon, na biyun Buhari, yana aikin hajji aka kifar da su a Agustan 1985. Babangida ya sauke Ebitu Ukiwe a 1986. A watan Disamban 1997 kuwa, cikin mako biyu, Shehu ya rasu a kurkukun Abakaliki, aka kuma kama Diya, mataimakin Abacha, bisa zargin juyin mulki.

Kujerar da muke da ita yau daga kwamitin mutum 49 da Murtala ya kafa a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams ta samo asali. (Namu Dakta Yusufu Bala Usman yana ciki, shi da Segun Osoba suka ƙi bin sahu suka rubuta nasu rahoton daban.) Tsarin Amurka aka ɗauko: shugaba da mataimaki tikiti ɗaya, ƙuri'a ɗaya. Su kansu Amurkawa da tuntuɓe suka koya. Da farko wanda ya zo na biyu a zaɓe shi ke zama mataimaki, har a 1796 aka wayi gari shugaba John Adams da mataimakinsa Jefferson abokan hamayya ne, sai a 1804 suka gyara. Shagari da Alex Ekwueme ne suka buɗe mana wannan babi a 1979, shekara tara kacal bayan yaƙin basasa, kuma ɗauko Ibo a lokacin saƙo ne da kowa ya karanta. Dattawan Katsina kuma suna tuna yadda abin ya yi aiki a matakin jiha: majalisar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Balarabe Musa a Yunin 1981, sai ga mulkin ya faɗa hannun mataimakinsa Abba Musa Rimi, shi ma ɗan PRP. Sun kori gwamna, jam'iyyar da suke yaƙa ta ci gaba da zama gidan gwamnati.

To me kundin 1999 ya ba mataimaki a hannu? Kaɗan ne ƙwarai. Shi ke shugabantar majalisar tattalin arziki ta ƙasa, inda gwamnoni 36 da gwamnan babban banki ke zama, amma shawara kawai take bayarwa. Yana zama a majalisar ƙoli ta ƙasa da ta tsaro. Sauran aiki kuwa, sashe na 148 ya ce shugaba ne zai ba shi abin da ya ga dama, daidai da yadda yake ba minista. Abu ɗaya ne ya bambanta shi da minista, kuma babba ne: shugaba ba ya iya korarsa. An gwada. Atiku, mataimakin Obasanjo, ya yi ƙarfi a zangonsu na farko, yana riƙe da sayar da kamfanonin gwamnati, gwamnoni na bayansa. Da suka ɓata, musamman kan tazarce, aka zare masa ayyuka ɗaya bayan ɗaya. Ya koma jam'iyyar AC a ƙarshen 2006, fadar shugaban ƙasa ta ce kujerarsa ta zama babu kowa, Kotun Ƙoli kuma a Afrilun 2007 ta ce a'a, majalisa ce kaɗai ke iya tsige shi ta sashe na 143. Ka ga mutum ke nan da za a iya mayar da shi mai karanta jarida a ofis na shekara huɗu, amma ba za a iya hana shi gado ba. Zaman doya da manja doka da kanta ta tanada.

Wannan ya kawo mu inda dattijon nan ya taɓo. Ranar 23 ga Nuwamban 2009 aka fita da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa asibiti a Jidda. Sashe na 145, yadda yake a lokacin, cewa ya yi duk sa'ad da shugaba ya aika wa shugabannin majalisun biyu takarda cewa zai tafi hutu ko ba zai iya aiki ba, mataimaki zai riƙe. Bai ce dole ya aika ba, bai kuma faɗi abin da za a yi in bai aika ba. Takarda ba ta zo ba. Mataimakinsa Jonathan yana zaune a ofis, yana jagorantar taron ministoci, amma ba shugaba ba ne, ba muƙaddashi ba ne. Ƙaramin kasafin kuɗi sai cewa aka yi an kai Saudiyya an sa masa hannu. Sabon alƙalin alƙalai, wanda a al'ada shugaban ƙasa ke rantsarwa, mai barin gado ne ya rantsar da shi a ƙarshen Disamba. Akwai wata ƙofa, sashe na 144: kashi biyu cikin uku na majalisar ministoci su ce shugaba ya gaza, sannan shugaban majalisar dattawa ya naɗa likitoci biyar, har da likitan shugaban, su tabbatar. Amma wa ya naɗa ministocin? Suka zauna suka ce lafiyarsa ta isa ya yi mulki. Dora Akunyili ce kaɗai ta fito da takarda tana neman a faɗi gaskiya.

Ina tuna yadda garin nan yake a watannin. A majalisun dare, a shagon mai shayi, rediyo na hannu ana jiran labaran ƙarfe takwas da rabi, kuma ba maganar sashe kaza ake yi ba. Abin da ke bakin mutane shi ne, "Shekara takwas Obasanjo ya yi, mu ko uku ba mu cika ba." Ga tausayin mutum da aka sani tun yana gwamna, mai sauƙin kai, ga kuma tsoron cewa in aka ba da riƙo ba za a dawo da shi ba. Nan ne aikin nan na uku ya shaƙe na biyu. An ɗauko Jonathan a 2007 ne don a lallashi yankin Neja Delta da ke cin wuta, ba wanda ya zauna ya auna shi a matsayin shugaban gobe. Da ranar ta zo, tsarin karɓa-karɓa na PDP ya ce mulki na Arewa ne har 2015, kundin tsarin mulki ya ce na mataimaki ne. Ba mu kaɗai muka taɓa ɓoye ciwon shugaba ba, don a 1919 shanyewar jiki ta kwantar da Woodrow Wilson na Amurka, na kusa da shi suka tsare ƙofa fiye da shekara, mataimakinsa bai karɓa ba, kuma sai a 1967 suka toshe wannan kafa. Amma su ba su da lissafin Kudu da Arewa irin namu a kan gadon asibiti.

Yadda aka fita ma abin a tsaya a duba ne. Ranar 9 ga Fabrairun 2010, bayan kwana 78, majalisun biyu suka ɗauki gajeriyar hirar da shugaban ya yi da BBC ta waya a Janairu, inda ya ce yana jinya, suka ce wannan ta tsaya a madadin takarda. Suka kira abin hujjar larura. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san ƙa'idar, larura tana halatta abin da aka hana, ya kuma san sharaɗinta, cewa gwargwadonta ake ɗiba. A ganina majalisa ta yi daidai, amma ba bisa doka ta yi ba, rufa wa doka asiri ta yi. An dawo da shugaban cikin dare ranar 24 ga Fabrairu, ba a bari muƙaddashin ya gan shi ba. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 5 ga Mayu, washegari aka rantsar da Jonathan da safe, aka binne Malam Umaru da yamma a maƙabartar Ɗanmarna. Rasuwar nan ɗaya ta motsa kujeru har Kaduna: Namadi Sambo ya tafi Abuja, mataimakinsa Patrick Yakowa, wanda shi ma don lallashin Kudancin Kaduna aka ɗauko shi, ya zama gwamna. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011 a garuruwan Arewa kuwa ba sai na tuna wa kowa ba.

An gyara sashe na 145 a 2010. Yanzu in shugaba ya yi kwana 21 bai aika takarda ba, majalisun biyu na iya ba mataimaki riƙo da rinjaye mai sauƙi. A 2018 aka ƙara cewa wanda ya ƙarasa wa'adin wani sau ɗaya kawai zai iya sake cin zaɓen kujerar. Mutumin Daura ne ya fara gwada sabuwar dokar da gaske, kuma a ba shi haƙƙinsa: da Buhari zai tafi jinya Landan a Janairun 2017 ya aika takarda, da zai koma a Mayu ya sake aikawa, ya yi sama da kwana ɗari Osinbajo na riƙe da ƙasa, har kasafin kuɗin shekarar shi ya sa wa hannu. Liman ya jawo na'ibi, ya warke ya koma gaba. Sai ranar 7 ga Agustan 2018, Buhari na hutu a Landan, jami'an tsaron farin kaya suka tare ƙofar majalisar dokoki, Osinbajo ya sallami shugabansu Lawal Daura kafin la'asar. Doka ta ba shi ikon. Amma muƙaddas ya taɓa ɗan gida, kuma masu lura sun ga yadda takardar ta yi wuyar fitowa daga baya. A Nuwamban 2019 har Landan aka bi shugaban da wata dokar man fetur ya sa hannu, mataimaki na zaune a Abuja.

Wato gyaran ya rufe kafar mai dogon ciwo da ya kasa rubutu, ya bar ta mai tafiyar mako biyu a buɗe, ya kuma bar sashe na 144 yadda yake, hukuncin gazawar shugaba a hannun mutanen da gazawar tasa za ta raba da kujerunsu. Tun 1999 ba a taɓa amfani da shi a tarayya ba. A jihohi an ga inda yake ɗingishi. Ɗanbaba Suntai na Taraba ya yi hatsarin jirgi a Oktoban 2012, aka dawo da shi bayan wata goma da takardar cewa ya karɓi aiki, 'yan majalisa suka gan shi suka ce bai warke ba, aka yi ta ja har wa'adi ya ƙare. Takardar tafiya doka ta yi mata tanadi, ta dawowa kuwa duk wanda ke riƙe da alƙalamin mara lafiya yana iya rubuta ta.

Da za a tambaye ni, ba zan ce a soke kujerar ba, 1966 ta ishe mu darasi. Ba zan kuma ce a daina lallashi ba, ƙasa irin tamu ba ta zama sai da shi. Abin da zan so shi ne a cire hukuncin lafiyar shugaba daga hannun ministocinsa a ba wata hukumar likitoci da aka naɗa tun kafin ciwo ya zo, a kuma tilasta wa jam'iyyu su fito da abokin takara da wuri, jama'a su ji bakinsa kamar yadda ake sa mai neman na'ibanci ya ja sallah a ji karatunsa. Yadda ake yi yanzu mun gani da idonmu a 2022. Wa'adin hukumar zaɓe ya matso a watan Yuni, Tinubu bai gama shawara ba, sai aka rubuta sunan wani ɗan jihar nan, Ibrahim Masari, ya riƙe gurbin kafin a samo na gaske. Peter Obi ma haka ya yi da Doyin Okupe. Ranar 10 ga Yuli, a Daura, bayan gaisuwar Sallah ga Buhari, Tinubu ya tsaya gaban 'yan jarida ya ambaci Kashim Shettima. Watanni bakwai aka yi ana muhawara a kan zaɓin nan har ranar ƙuri'a, a rediyo da masallatai da coci-coci, kuma kusan duk a kan addininsa aka yi ta.